Mai Gadin da Ba Ya Korar Ƙuda

Shekarar da mayo, wato kogin garinmu, ya cika ya tafi da gonarmu ta fadama, ina da shekara goma sha ɗaya. Na riƙe ranar sosai, domin washegarinta aka ba 'yan firamare dogon hutu. Da hantsi muka tsaya a bakin gaɓa, ni da Baba, muna kallon jan ruwa yana wucewa da karan masara da rassan itatuwa, har da wata akuya da ta kumbura. Inda muka yi wata biyu muna noma babu abin da ya rage sai ruwa. Baba ya daɗe a tsaye, hannuwansa a baya. Can sai ya juya ya dubi wajen duwatsu ya ce, "To, saura ta tudu."

Ta tudun ƙaramar gona ce a gindin dutse, can bayan Lamorde, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gidanmu a Mubi. Kunya goma sha biyu ce kawai, kuma ba a shuka komai a cikinta sai jar masarar Kaka, mahaifiyar Baba. Wannan masara ba a samunta a kasuwa. Ƙwayarta ƙanana ce, ja kamar goro, idan aka gasa ta ƙamshinta yakan kai zaure. Kaka ce ta sauko da irin daga ƙauyensu na kan dutse lokacin da aka kawo ta gidan aure, kuma kowace damina ana raba shi biyu, rabi a fadama, rabi a tudu, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta tsira. A gidanmu ba mai sa sabuwar masara a baki sai an gasa goyon farko an kai wa Kaka. Haƙoranta sun yi saura kaɗan, saboda haka da yatsa take ɓamɓare ƙwayar ɗai-ɗai, tana taunawa a hankali, mu kuma muna zagaye da ita muna jira ta ce, "Ta yi." A waccan shekarar ba a bar ko ƙwaya ɗaya a gida ba. Duk abin da ya rage na irin Kaka yana tsaye a kunyoyin nan goma sha biyu.

Ni ban yi boko ba. Ni ne babba a maza, saboda haka da asuba in yi karatun allo, rana ta fito in bi Baba gona. Yayata Adda Habiba da ƙanena Buba su ne 'yan makaranta. Shi ya sa dogon hutu ya zame mini kamar sallah. Gida ya cika, unguwa ta cika. Da safe Dada, mahaifiyarmu, takan ɗumama tuwon jiya ta dama kunun gyaɗa, mu zauna a bakin madafi muna sha, ruwan sama yana ɗiga daga bakin kwano cikin garwa. Daga nan a watse, wasu rijiya, wasu yankan ciyawar awaki, wasu surfe. In an yi la'asar yaran unguwa su fito langa da ƙwallon tsumma, 'yan mata su yi gaɗa a ƙofar gida har a kira magariba.

Baba yana da wata al'ada da ban gani a wani gida ba. Ranar farko ta hutu yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowa abu guda da zai kula da shi har a koma makaranta. Yana kiran abin amana. Ba mai taya ka sai in ka roƙa, kuma ba a karɓe ta daga hannunka ko me ya faru. Kullum bayan magariba, kafin a buɗe kwanon tuwo, sai ya bi mu daga babba zuwa ƙarami yana tambaya, "Yaya amana?" In lafiya ka ce tana nan. In wani abu ya faru, nan ne wurin faɗa, kuma wanda ya faɗi gaskiya a kan tabarmar nan ba a taɓa jikinsa. A wannan hutun Adda ta sami awaki biyar. Buba, mai shekara bakwai, ya sami 'ya'yan zabi, kuma kullum sai ya tsayar da mu da dogon bayani, wai shaho ya zo ya duba ya ga yana nan ya koma. Ni kuwa Baba ya dube ni ya ce, "Hamma, kai ne gadin tudu." Haka ake kirana a gida, wato yaya, saboda ƙanena. Na ji kaina ya yi girma, domin kowa ya san abin da ke gonar nan.

Abokan gaba birai ne, manya, irin gwaggon biri da ke zaune a kan dutsen. Gadinsu yana da ƙa'ida, kuma a yini ɗaya Baba ya koya mini. Ka isa kafin rana ta fito, domin su ma da wuri suke saukowa. Ka hura wuta ka zuba mata ɗanyen ganye, hayaƙi ya riƙa tashi. An zagaye gonar da igiya an rataya gwangwanaye masu tsakuwa, kana ja suna ƙara. Ga majajjawa, ga tarin duwatsu a kan wani falalen dutse inda ake hango ko'ina. Da zai tafi ya ba ni tsohuwar malafarsa ya ce, "Suna kallonka fiye da yadda kake kallonsu." Na ɗauka irin maganar manya ce kawai.

Mako biyu na yi ina gadi ba fashi. Masara ta yi goyo, gemunta ya fara bushewa. Na iya majajjawa har ina samun kututturen da na nufa. Na san birai ɗin nan ɗaya-ɗaya, musamman wani ƙato mai tabo a kafaɗa da yakan zauna can sama yana soshe-soshe kamar ba ruwansa da ni. Da azahar Buba ya kawo mini abinci, ya zauna kaɗan ya koma wajen zabinsa. Sauran yinin ni kaɗai ne da kukan kurciya.

Sai ƙwallo ta shigo unguwarmu. Abokina Zira, ɗan maƙwabcinmu mutumin Michika, kawunsa ya kawo masa ƙwallon fata ta gaske daga Yola. Tun da nake ban taɓa taɓa irinta ba. Aka fara buga ta a filin firamare kullum da rana, unguwa da unguwa, kuma duk yaran sun san ba wanda ya kai ni tsaron gida. Zira ya biyo ni har gona ya ce, "Jiya huɗu aka zuba mana. Golanmu in ya ga ƙwallo sai ya rufe ido kamar mai addu'a. Kai kana nan kana hira da birai."

Na yi kwana biyu ina tunani, sai dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ga ba a taɓa yin mai wayo kamata ba. Na sari itace na ɗaure shi a gicciye, na cusa ciyawa a cikin taguwata, na kifa masa malafar Baba, na zaunar da shi a kan falalen dutsen da sanda a hannu. Na tara wuta da ɗanyen ganye mai yawa, na zagaya ta bayan ciyawa na tafi a sunkuye. Ranar ko ɗaya ba a zuba mana ba. Na dawo da la'asar na tarar da gona lafiya lau. Da Baba ya tambaye ni na ce tana nan, kuma tana nan ɗin. Washegari ma haka. A rana ta uku har ban tsaya gyara wa mutumin nawa zama ba.

Da nake dawowa, tun daga nesa na ji biran suna haushi. Na ruga, ina isa na ga na ƙarshensu suna hawa dutse, kowa da goyo a baki da wani a hammata. Biri ba ya cin masara kamar mai yunwa. Ya karya wannan ya gatsa sau ɗaya ya yar, ya kama na gaba. Gonar ta kwanta kamar an bi ta da shanu. Taguwata tana rataye a ƙaya a yayyage, ƙaton nan mai tabo yana zaune a inda nake zama, yana yagar malafar Baba a hankali.

Ba wanda ya gan ni. Ina iya cewa sun fi ƙarfina ne, kuma a hanya na shirya maganar har sau uku. Amma da aka zauna a tabarma, Adda ta ce tana nan, Baba ya juyo gare ni, sai na ji bakina ya faɗi komai, har da ƙwallon. Dada ta ajiye ludayi. Ta ce gobe a ba wani gadin, yaron da ya bar irin tsohuwa saboda tamola ba abin da za a sake ba shi. Baba ya ce, "In na karɓe, ai ya huta ke nan." Sannan ya turo kwano gabana ya ce in ci, da safe za mu je.

Da muka isa, Baba ya tsaya gaban itacen nan da ya rage a gicciye ya yi masa sallama, ya jira kamar za a amsa. Ya tambaye ni kwana nawa mutumin ya yi yana gadi, na ce uku. Ya ce, "Ka taɓa ganin ɗan Adam ya zauna kwana uku a damina bai kori ƙuda ba?" Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Ya sa na bi kunya-kunya ina ƙirga abin da aka karya, duk goma in ajiye tsakuwa ɗaya. Shi yana zaune, bai taya ni ba. Na ƙirga ɗari biyu da talatin da bakwai. A can kusurwar da ke kusa da wuta na sami kara goma sha ɗaya a tsaye da goyonsu. Ya ce saura aiki biyu: in je in faɗa wa mai irin da bakina, kuma in kawo waɗannan gida a bushe.

Kaka tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Na durƙusa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba, ta ce nawa suka rage. Na ce goma sha ɗaya. Ta ce, "Ni da uku na sauko, a ƙulle a bakin zanena." Na ce bari in karyo ɗaya a gasa mata, tunda ta nuna. Sai a nan ta dube ni ta ce, "Iri ake ci a gidanku?" Ta ci gaba da tsintar wakenta, amma na ga ta daɗe tana juya ƙwaya ɗaya a hannu.

Kwana ashirin da uku na yi a kan dutsen nan bayan haka. Ban sake zama wuri ɗaya ba. In zagaya, in yi waƙa, in ja igiya, in ɓuya in fito ta wani gefen. Ruwa ya dake ni sau da yawa, Dada ta riƙa aiko Buba da kunu mai zafi da buhun da zan rufa, ko da yake ba ta daina ɗaure mini fuska ba sai da aka yi mako. Zira da sauran suka gaji da shan kashi, suka riƙa kawo ƙwallon zuwa wata saura da ke gefen gonar, suna bugawa ina kallo daga sama, in an zuba musu in yi musu dariya. Birai sun sake gwada ni sau ɗaya da tsakar rana, suka tafi da goyo guda kafin dutsena ya sami ƙaton a cinya. Wani goyon kuma tsutsa ta cinye. Ana gobe komawa makaranta na shigo gida da tara a cikin buhu. Dada ta kitse ɓawonsu ta rataye su a saman murhu inda hayaƙi zai kore ƙwari. Da magariba Baba ya tambaye ni, na ce, "Ga ta can a rataye." Ya ce madalla, a buɗe tuwo.

Yanzu gindin dutsen nan duk gidaje ne, biran sun ja can ciki. 'Ya'yana huɗu, kuma hutunsu ba irin namu ba ne: da safe lesin, da rana waya, in an kawo wuta talabijin. Ni ma na zama ɗan makaranta da furfurata, ina zuwa ajin manya da yamma, kuma a can na koyi rubutun da nake yi yanzu. Amma ranar farko ta hutu har gobe ina shimfiɗa tabarma in raba amana, kuma ba a buɗe kwano sai na tambaya. Na lura yaro yakan miƙe tsaye in ya san abu nasa ne kuma ba mai zuwa ya karɓe. Bana ƙaramarsu, A'isha, ita ce da kunya huɗu na jar masara a bayan gida, abokan gabarta awakin maƙwabta. Irin nan dai shi ne. Ko shekarar da rikici ya sa muka bar gari a guje sai da na cusa goyo biyu a aljihu.

Ba na ƙorafi a kan wancan hutu, shi ya yi ni. Amma na san abin da ya ci: goyon masara ɗari biyu da talatin da tara, taguwa ɗaya, malafa ɗaya, da gasasshiyar masarar Kaka ta wannan shekarar. Kaka ba ta kai wata daminar ba.