Baba Abraham da Fijon Rabe

Ranar Litinin, ashirin ga Nuwamba 1978, Rabe direba ya shigo da Fijonsa garejin fenti na Mark, wanda ke bayan tashar Funtua, a bakin hanyar da manyan motocin auduga ke bi. Bai tarar da mai garejin ba. Wani dattijo ya tarar, siriri, cikin farar riga da aka ɓalle maɓallanta har wuya, yana shara, yana zura tsintsiya har ƙarƙashin matattun motoci. Ran nan ne suka fara haɗuwa da Baba Abraham Mati, mahaifin Mark.

"Sannu da aiki, Baba. Sabon ma'aikaci aka ɗauka?"

"Tsohon ma'aikaci dai," in ji dattijon. "Matso da ita nan, can akwai ƙusoshi."

Rabe ya yi dariya ya matsar da motar. Kafin ya kashe ta, Baba ya riga ya zaro tsumma daga aljihu yana goge madubin gefe.

A Mahuta aka haifi Baba Abraham, a gidan manoma da suka karɓi addinin Kirista tun yana yaro. Yana saurayi ya zo Funtua dakon auduga, wani Bature na kamfanin auduga ya ɗauke shi aikin gida. Ya yi kusan shekara talatin a gidan nan. Bature ya tafi, wani ya zo, shi yana nan. Guga, jera tebur, wankin gilashi, duk ya iya, amma abin da aka san shi da shi goge-goge ne. Akwai wani kaki mai laushi da ke zuwa cikin gwangwani, na goge daɓe da katako. Da shi yake bin falo da tebura, kuma kowace Asabar da shi yake bin baƙar motar maigidan, har mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa. A 1972 Bature na ƙarshe ya tattara, ya bar masa ragowar kayan sito, har da gwangwanayen kakin. Ya koma Mahuta ya kama noma da hannun da ya manta fartanya, matarsa Jane tana rufa masa asiri. Da ta rasu a daminar 1978, Mark ya je ya ɗauko shi.

Mark ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama ya yi hira da shi ba. Shi ma Mark ba ya haɗa ido da mahaifinsa. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin Roda take bi, matar Mark. In Baba na son wani abu sai ya ce, "Ki gaya wa maigidanki." In Mark na da magana sai ya ce, "Ki faɗa wa Baba." Haka suke, ko da kuwa suna tsaye a inuwa ɗaya.

Abu ɗaya Baba ke tsoro, ya zama mutumin da ake kai wa tuwo kawai. Ya ga tsofaffin Mahuta da 'ya'yansu suka shimfiɗa wa tabarma a gindin bishiya, su bi inuwa tun safe har yamma. Shi ya sa tun da ya zo ya kama tsintsiya ba wanda ya sa shi, yana neman abin da zai nuna cewa hannunsa na da amfani a gidan.

Rabe kuwa da dalili ya kawo motarsa. Mahaifiyarsa Inno ta tafi aikin Hajji, ana sa ran jirginsu a farkon Disamba. Yana so ya ɗauko ta daga Kano zuwa Dandume a mota shuɗiya fes, ba wannan da rana ta cinye ba. Kuma Rabe mutum ne mai baki a tasha. In ya yabi gareji, direbobi su bi shi, in ya kushe, shi ke nan. Mark bai daɗe da buɗe nasa wurin ba, don haka ya zage a kan aikin. Ya kankare tsohon fenti, ya cike lotsattsun wurare, ya fesa fentin ƙasa mai ruwan toka, sannan ya bi da shuɗi.

Baba yana daga nesa yana kallo. Aikin ya burge shi ƙwarai, ko da yake ba zai faɗa ba. Amma a idonsa da saura. Motar ta yi kyau, sai dai ba ta da zurfin ƙyallin nan da ya saba fitarwa ranar Asabar.

Washegarin da aka gama feshi, Mark ya yi sammako zuwa Zariya sayen robar gilashi. Kafin ya fita ya ce wa Roda, "Kada kowa ya taɓa motar nan. Sama ce kawai ta bushe, ciki ɗanye ne." Roda ta gaya wa mai shayin bakin hanya, ta gaya wa matan maƙwabta su tsare awakinsu. Baba ne kaɗai ba ta gaya wa ba, don ba ta ga yadda za ta buɗe baki ta ce wa surukinta kada ya taɓa abu a gidan ɗansa ba. Da hantsi ta yafa gyale ta tafi taron Zumuntar Mata a coci.

Baba ya shiga ɗakinsa ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko gwangwani. Ya zagaya motar, ya taɓa bayanta da bayan yatsa, ya ji a bushe. Motar Bature daga kamfanin da ya ƙera ta ta zo da fentinta gasasshe, ba a taɓa sake mata wani ba. Baba bai san sabon feshi yana ɗaukar makonni kafin ya yi ƙwari ba, kuma ba wanda zai tambaya.

Ya fara daga murfin inji, yana murzawa a zagaye kamar yadda aka koya masa. Ya ji tsumman yana ɗan kamawa. Katako in ya yi haka ƙishi yake ji, sai a ƙara masa, don haka ya ƙara kaki. Ya bi ƙofofi, ya hau benci ya bi rufin, ya cusa kakin a kowane lungu da ɗan yatsa, don bai saba barin lungu ba. Sannan ya koma gefe ya bar shi ya sha iska kafin a goge.

Rana ta ɗaga. Motocin auduga suka riƙa wucewa, iska na kwaso ɓurɓushinta tana zubawa cikin garejin. Da Baba ya zo gogewa, kakin ya ƙi tashi. Ya narke ya shiga cikin fentin, ya bar fararen zane-zane a zagaye, ko'ina sawun hannunsa. Inda ya danna da ƙarfi, shuɗin ya biyo tsumma. Audugar kuma ta manne, motar ta yi gashi-gashi kamar ɗan tsako.

A haka Roda ta same shi, yana ta murza wuri ɗaya, gumi ya jiƙa farar rigar.

"Baba," ta ce.

"Zai tashi. Rana ce ta yi masa yawa."

"Baba, ku zo ku sha ruwa tukuna."

"In na bari zai daskare, 'yata."

Ta kama bakin tsumman a hankali, ya sakar mata.

Da la'asar Mark ya dawo. Ya ajiye robar gilashi, ya zagaya motar, ya kai farce ya karci murfin inji ya duba. Baba yana tsaye a jikin bango, hannuwansa a baya, yadda yake tsayawa in Bature na cin abinci.

"Roda, ki tambayi Baba wane irin mai ne."

Baba ya miƙa wa Roda gwangwanin. "Ki ce masa na daɓe ne. Ki ce masa da shi nake yi wa ta Bature, ba ta taɓa yin haka ba."

Mark ya shinshina gwangwanin ya mayar wa matarsa. "Ki ce wa Baba ba kome."

Da ya yi faɗa, da Baba ya fi samun sauƙi.

Aka gwada kananzir, ya daɗa shimfiɗa kakin. Aka gwada fetur, ya cinye fentin. Mark ya goge jikin motar da samfefa ya sake fesa shuɗi a murfin inji don gwaji, sai fentin ya riƙa gudu daga duk inda ɗigon kaki ya saura, yana barin ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ba dabara sai a kankare kome har ƙarfe, a wanke, a faro daga farko.

Lokaci ya ƙure, Mark ba shi da mai taya shi, don haka da Baba ya ɗora tukunyar ruwan zafi ya ɗauko omo da tsohon buroshin haƙori, bai hana shi ba. Baba ya san duk lungun da ya cusa kakin, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bakin ƙofa, gindin mariƙi, ramin da ruwan sama ke bi a rufi. Uba na wannan gefe, ɗa na wancan, ba mai magana. In Mark ya miƙa hannu neman samfefa, sai ya ji an sa masa a tafin hannu. Fatar yatsun Baba ta saɓule saboda ruwan zafi da omo. Duk da haka, daga baya ya gaya wa Roda cewa tun da ya zo Funtua bai ji daɗin tuwo kamar na kwanakin nan ba.

Ba su kai ga shuɗin ba. Fentin ƙasa kawai aka fesa lokacin da labari ya zo cewa jirgin su Inno zai sauka washegari. Rabe ya shigo garejin da sabuwar hula, ya tsaya ya dubi motarsa, toka-toka tun daga gaba har baya.

"Mark, doki na kawo maka. Wannan jakin na wane ne?"

"Malam Rabe, fenti ne ya ba ni matsala. Ka yi haƙuri, in ka dawo zan gama maka."

"Fenti ko mai fenti?"

Baba ya matso. "Ɗana, ba fenti ba ne. Ni na shafa mata man daɓe."

Rabe ya dubi dattijon, ya dubi yatsun da aka naɗe da tsumma. "Man daɓe, Baba? A kanta za mu kwana?"

"Na so ta yi ƙyalli ne, saboda Hajiya."

"To ai ta yi. Duk Kano ba za a samu irinta ba." Ya karɓi makulli ya shiga, ya leƙo ta taga. "Ku sa mana albarka dai, Baba, kada 'yan sanda su ce daga bola na ɗauko ta."

Haka Hajiya Inno ta shiga Dandume a mota mai ruwan toka, masu tarya suna tambaya ko ba a gama ƙera ta ba. A tasha kuwa sunan Jakin Rabe ya bi motar. Rabe bai faɗi sunan Baba a tasha ba, don haka laifin ya zauna kan Mark, direbobi suka ɗauke ƙafa daga garejin har wajen bazara. Motar dai an gama ta kafin Kirsimeti, ta yi kyau yadda aka so tun farko.

A makon Kirsimetin ne kafinta ya kawo wata kujera mai shimfiɗar yadi, irin wadda ake kishingiɗa a ciki. Mark ya sa aka ajiye ta a gindin darbejiyar da ke ƙofar gareji, can nesa da inda ake feshi.

"Baba, ya ce ku huta haka nan," in ji Roda. "Ya ce kun yi wa Turawa, kun yi wa gona, yanzu lokacinku ne a yi maku."

"Ki ce masa na gode. Kujera ta yi kyau."

Da safe ya fito neman tsintsiya, ya tarar Roda ta riga ta share. Washegari ma haka. Ya gane ba mantuwa ba ce, kuma ya san ba da mugunta aka yi ba. Ya zauna a kujerar. Masu wucewa su gaishe shi, ya amsa. In inuwa ta matsa ya ja kujerar ya bi ta. Da azahar Roda ta kawo masa abinci a nan.

Bayan sabuwar shekara, wata safiya Rabe ya tsaya gaishe shi, Fijon cike da fasinjan Dandume. Baba ya ce ya bar masa wuri gobe, har da akwati.

"Ina zuwa, Baba?"

"Gida. Rumbuna na can ba mai dubawa."

"Mark ya sani?"

"Roda za ta gaya masa."

Roda ta yi kuka ta roƙe shi, ta ce laifinta ne da ba ta yi magana ba ran nan. Ya ce ba laifin kowa ba ne, ita dai ta riƙe maigidanta da kyau, yana da hannu. Washegari Mark ya ɗauko akwatin da kansa ya sa a but ɗin motar Rabe, ya tsaya riƙe da ƙofa har mahaifinsa ya zauna. Ya ce, "Roda, ki ce wa Baba ɗakinsa na nan." Baba ya gyaɗa kai yana duban gaba.

Rabe bai karɓi kuɗin mota ba, kuma ya ratse daga hanyarsa ya kai shi har ƙofar gida a Mahuta.

Baba Abraham bai sake zama a Funtua ba. Mark ya aika Roda ta dawo da shi, daga baya ya je da kansa, Baba ya ce ga shuka a ƙasa, ba zai bar ta ba. Ya noma dawa da ɗan gyaɗa a gonar bayan gida, yana dafa abincinsa, ranar Asabar kuma ya share coci. Garejin Mark ya farfaɗo, har ya koma babban fili a hanyar Malumfashi, kuma duk wata yakan aika wa mahaifinsa sabulu da sukari ta hannun Rabe. Baba ya rasu a watan Agusta 1985, bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne shi a Mahuta kusa da matarsa.