Ranar da Tsohuwa Ta Hau Tudu

Yayana mai wankin hoto ne. Ko in ce da can, kafin waya ta shiga hannun kowa ta kashe masa kasuwa. Shagonsa wani ɗan lungu ne a bayan kantin magani, da baƙin labule da jan ƙwan lantarki, ga warin sinadari da ke bin rigarsa har gida. A nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana fito da fuskokin mutane daga cikin ruwa: ango da amarya, masu gama makaranta, da waɗanda suka je ƙasar waje suka tsaya bakin teku suna washe baki. Shi kuwa ko filin jirgi bai taɓa leƙawa ba.

Hali ɗaya ya sa aka san shi, shi ne kuma ya kore masa rabin masu ciniki. In hoto bai yi masa ba, ba zai ba ka ba. Kana tsaye kana cewa ai ya yi haka nan, zai yage shi a gabanka ya ce, "Bai fito ba. Dawo jibi." Har unguwa ta laƙaba masa Dawo-Jibi. Ni kaina, ƙanwarsa ciki ɗaya, sai da na yi ta sintiri a kan ɗan hoton katin aiki. Amma ban taɓa jin ya kushe hoto mai kyau ba, ko da na abokin gabarsa ne.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, sai ƙodarsa ita ma ta ce ta gaji. Na kwaso shi na ajiye a ɗakin baya na gidana. Tun daga nan muka zama 'yan asibiti. A kwana biyu a koma, a ɗora shi a kan injin wankin ƙoda, jininsa ya fita ta wannan tiyo ya dawo ta wancan, ni kuma ina kan kujerar roba har ƙuguna ya sage. Mu dawo gida yana jan ƙafa, ya kwanta kamar tsumma. Kafin ya farfaɗo, ranar komawa ta zagayo. Ruwan sha ma an ƙayyade masa, sai dai ya tsotsi ƙanƙara. Wallahi na gaji, ballantana shi da ake soka wa allura.

A ɗakin wankin, gadon da ke damansa na wata Malama ce da ta yi ritaya daga koyarwa, na hagu kuma na wani kafinta mai surutun tsiya. Malama ce ta jawo mana aiki. Wata rana ta miƙo wa Yaya wayarta ta ce, "Kai da ka san hoto, duba wannan."

Rairayi ne ja, tudu bayan tudu, babu ko tsinke. Ta ce duniyar Mars ce. Wai akwai wata 'yar mota marar direba, mai taya shida, da aka aika can tana rarrafe tana ɗauko hotuna, masu ita suna sakawa a intanet kowa ya gani. Yaya ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanda ya ɗauki wannan ya san inda rana take."

Shi ke nan, ciwon bin motar nan ya kama su su uku. Kafinta ya raɗa wa motar suna Tsohuwa, don a cewarsa kakarsa da sandarta ta fi ta sauri. Suka kafa doka: ba wanda zai kalli sabon hoto a gida. Sai an ɗora kowa a kan inji, nas ta gama manne-mannenta, sannan Malama ta buɗe waya, ni kuma in zama 'yar aike tsakanin gadaje. Malama ta karanto bayani, Kafinta ya yi ta faɗa da direbobin da ke juya ta daga nan duniya, waɗanda bai taɓa gani ba, "Ku bi ta gefe mana, za ku kafe ta!" Yaya kuwa alƙalin haske ne. Wannan da hantsi aka ɗauka, wannan inuwa ta cinye rabinsa.

Na ce musu, "Ku dai Allah ya shirye ku. Jininku na yawo a roba, kuna jimamin tayar mota a wata duniya." Malama ta ce in na ƙara magana za su cire ni daga ƙungiya. Na ce da ma wa ya ce ina ciki.

Tsohuwa ta iso gindin wani dogon tudu da ya tare gabanta gaba ɗaya. Watanni tana lallaɓawa ta gefensa, ta hau ta ja baya, ta tsaya shinshina dutse. A cikin watannin nan ne muka zo wata safiya muka tarar da wani baƙo a gadon Kafinta. Ba wanda ya yi tambaya. Nas ta sunkuyar da kai, mu ma muka gane. Ranar Malama ta buɗe wayar, amma ba wanda ya yi wa direbobi faɗa.

A hanyar gida, cikin mota, Yaya ya jingina kai da gilashi ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Na gaji. In Tsohuwa ta hau tudun nan na ga abin da ke bayansa, kada ki sake kawo ni."

Na hau shi da faɗa, direba na jin mu. Na ce wannan wace irin magana ce, ya san abin da daina wankin ke nufi? Ya ce ya fi ni sani. Ya ce ke ma dubi yadda kika koma, kin bar sana'arki kin zama kujerar asibiti. Gaskiya ya faɗa, kuma na tsani gaskiyar.

Daga ranar na zama mai bin Tsohuwa fiye da su. Dokarsu ba ta hau kaina ba, don haka ina idar da sallar asuba sai in buɗe wayata. Duniya kaf masu son motar nan suna mata fatan ta haye, ni kaɗai nake roƙon Allah ya sa ta ga wani dutsen ta tsaya shinshinawa. Matar da ko keke ba ta iya ba, ga ni ina lissafin gangara.

Ran nan da safe na buɗe wayar. Ta hau.

Ban gaya wa Yaya ba. Na shirya shi, na ɗauki ƙanƙararsa a kofi, muka tafi. Aka ɗora su, Malama ta buɗe waya, ta yi salati. Ta dube ni, don na taɓa gaya mata maganar da ya yi a mota. Ta riƙe wayar kamar ba za ta bayar ba.

"Miƙo mana," in ji Yaya.

Ni na kai masa da hannuna, ina tsaye a kansa ina kallo tare da shi. Hoton ya fito tar. Kowane layi da iska ta zana a kan rairayin ana ganinsa, har sawun tayar Tsohuwa a gefe. Bayan tudun kuwa ba komai sai wani rairayin, da wasu tuddai a jere har inda ido ya ƙare. Na ji haushi ya tokare ni. Duk jiran nan, ashe yashi ne a bayan yashi.

Yaya ya gyara tabarau. Ya matso da wayar, ya nisanta ta, ya karkata ta wajen taga. Injin na ta ƙararsa. Can ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana duban fuskata fiye da yadda ya dubi hoton. Ban san ina hawaye ba sai da ya ɗiga a kan zanen gado.

Ya mayar mini da wayar.

"Bai fito ba," ya ce.

Malama ta dube ni, na dube ta.

"Rana ta shiga idon kyamara. Ba a ganin komai. Wannan ko kyauta ba zan ba mai shi ba." Ya lumshe ido, ya gyara hannun da ke da allura. "Sai sun sake ɗauka. Auta, ki gaya wa nas ta ajiye mini gadon. Mu dawo jibi."

Na je na gaya wa nas. Sannan na koma kan kujerar roba na zauna, ƙuguna na ciwo kamar kullum, na riƙe masa kofin ƙanƙara.