Ƙarshen da Hajiya ta Sauya

A gidanmu na unguwar Levenshulme, can ƙasar Turawa, murhun gas na falo kaɗai Abba ya yarda a kunna a shekarun da komai ya tsuke. Da an idar da magariba sai mu tattaru a gabansa, ni da Yaya Safiya wadda ta ba ni shekara tara, da kakarmu Hajiya, mahaifiyar Abba, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo har sai safarta ta fara ƙauri.

Hajiya ba ta yi mana tatsuniyar dabbobi. Marigayi kakanmu a Rasha ya yi karatun injiniya, ya dawo Kano da littattafan mutanen can, yana karantawa yana ba ta labarinsu da Hausa. Ita kuma ta riƙe su, ta zuba musu nata gishirin, har sai ka ji attajirin Rasha yana sa hannu a tuwo. Kullum takan buɗe da, "Ga ta can ƙasar ƙanƙara, ga ta nan gabanku."

A hunturun da na cika shekara tara, hukuma ta rage awannin matar da ke zuwa kula da Hajiya. Umma tana aikin asibiti, ba ta da lokacin kanta. A daidai nan Yaya ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a Birmingham. Abba, wanda ba a musa masa magana, ya ce ta dakata shekara ɗaya ta zauna da tsohuwa. Yaya ta adana takardar makarantar, ta jinkirta tura musu amsa.

A makon ne Hajiya ta ba mu labarin wani dattijo mai gonaki da barori, wanda in ya yi gyaran murya gida yakan yi tsit. Ba a zama cin abinci sai ya zauna, mabuɗan gidan kuma suna ɗaure a ƙugunsa. 'Ya'yansa maza sun tafi birni, 'yarsa ta so ta bi su ta koyi malanta, ya hana. Ta haɗa akwati a ɓoye ta je har tashar jirgin ƙasa, sai ta tuna babu mai zuba masa shayi, ta juyo gida. Da zai rasu ya damƙa mata mabuɗan, ya sa mata albarka, ta zama uwar garin gaba ɗaya.

"Mai bin iyaye ba ya taɓewa," in ji Hajiya, idonta a kan wuta.

Ni kuwa sarkin iyayi na tafa, na ce ai wannan Yaya ce sak. Yaya ta yi murmushi kawai. Washegari ta rubuta wa makarantar cewa ba za ta zo ba.

Shekara ɗaya ta zama shida, har Allah ya karɓi ran Hajiya. Gurbin ya daɗe da wucewa. Yaya tana wani kantin magani a Stockport Road yanzu, tana miƙa wa mutane abin da wasu suka haɗa.

Ni ce na tafi Birmingham, na karanta adabi. Na ci karo da irin waɗannan iyaye maza a littattafan Rasha bila adadin, amma ban sami dattijon Hajiya ba. Da Yaya ta kawo mini ziyara a ɗakina na unguwar Handsworth, sai na yi mata zancen.

"Ba za ki same shi ba, ai canza ending ɗin ta yi," in ji ta. "Ina primary ta fara ba ni shi. Yarinyar shiga train ɗin ta yi, ba ta waiwayo ba. Hajiya har guɗa ta yi mata lokacin."

Na ji an ci amanata, kuma har yau abin bai sake ni ba. Na san tsoro ne ya sa Hajiya ta canza shi, tsohuwa a ƙasar da ba tata ba, tana gudun a kai ta gidan tsofaffi. Na fahimta, amma ban gama yafewa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Yaya tana zaune a wurin, ta san gaskiyar labarin, tana jiran ko mutum ɗaya a gidan zai ce mata ta tafi. Ni da ta fi ƙauna ce na tafa.