Motar Gawa Ta Juyo da Mai Rai

Ko na tsufa na fara manta sunayen titunan New York, ba zan manta da wata Asabar ta watan Nuwamba ba. Ku sababbin direbobi da ke tsokanata kuna cewa Baba Isuhu ya mayar da filin jiran motoci na filin jirgin JFK ɗakinsa, ku matso ku ji dalili.

A lokacin ina tuƙi a wani kamfanin baƙaƙen motoci da ke da kwantiragi da wata ƙungiyar ƙwallon Amurka, wadda sansaninta ke tsallaken kogi a New Jersey. Ba ƙwallon ƙafa irin tamu ta Maraɗi ba, wannan da hannu ake ɗauka, ana sanye da hular kwano, ana karo kamar raguna. Ƙungiya tana da 'yan wasa hamsin da uku waɗanda ake ƙirgawa. Bayan su akwai wasu da ake kira 'yan atisaye. Su ne ake koyon duka a jikinsu duk mako, suna kwaikwayon abokan karawa, amma ranar Lahadi a gefen fili suke tsayawa da rigar sanyi. Duk ranar da aka ga dama sai a kira ɗayansu ofis a ce an gode, ga tikitin jirgi.

To, ni ne mai kai su filin jirgi. Shi ya sa 'yan wasan suka raɗa wa motata suna motar gawa. Ƙato zai hango ni a bakin ƙofa ya canza hanya, ko sallamata ba ya amsawa. Da fari abin yana yi mini ciwo, daga baya na daina ganin laifinsu. Abu biyu dai nake yi wa duk wanda na ɗauka. Na farko, ina ba shi ƙunshin kilishi, don a wurinmu matafiyi ba ya tafiya babu guzuri. Na biyu, ba na barin filin jirgi sai jirginsa ya tashi. Mahaifina ya yi aiki a tashar mota, kuma a bakinsa na ji cewa rakiya ba ta cika sai ka ga bayan motar baƙonka. Mai rarraba mana aiki ta sha yi mini faɗa a kan wannan zama, ni kuma na sha ba ta haƙuri ina ci gaba da abina.

Wanda na ɗauka ran nan sunansa Darnel, ɗan Louisiana, shekararsa ashirin da bakwai. Matsayinsa a fili shi ake kira lainbaka. In ƙungiya tana tsaron gida, akwai manyan ƙarti a sahun gaba, akwai masu gudu a can baya, sai lainbaka a tsakiya. Aikinsa ya karanta inda ƙwallo za ta bi tun ba ta tashi ba, ya je ya kayar da wanda ya ɗauko ta. Dole ya haɗa ƙarfin na gaba da gudun na baya, ga kuma ƙwaƙwalwa. Darnel yana da duka ukun, sai dai rabo ya ƙi. Ya yi shekaru yana yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, ana ɗauka ana saki, bai taɓa shiga wasan gaske na ranar Lahadi ba ko sau ɗaya.

Duk wanda aka sallama, a motata wayarsa tana hannunsa, yana kallonta kamar za ta haihu, ko wakilinsa zai kira da labarin wata ƙungiyar. Shi Darnel da ya shigo, sai na ga ya kashe tasa ya cusa ta can ƙasan babban akwati. Da muka isa ya ciro takalman wasansa masu ƙusoshi ya ajiye mini a kujera.

Ya ce, "Ka ba duk wanda suka yi wa daidai. Ni na gama."

Na ce masa Allah bai gama ba, na miƙa masa kilishinsa. Ya karɓa don kunya, ya shige.

Na gangara filin jiran direbobi, na yi azahar, na zauna shan shayi da 'yan'uwa. Ban kai rabin kofi ba waya ta yi ƙara. Mista Kevin ne, jami'in ƙungiya mai kula da ɗauka da sallamar 'yan wasa, mutumin da bai taɓa kirana kai tsaye ba.

"Isuhu, ka yi nisa da JFK?"

"Ina ciki, yallaɓai."

"Kana ciki? Allah ya yi maka albarka! Lainbaka ɗinmu ya ji rauni a cinya a atisayen safe. Koci yana son Darnel a cikin hamsin da uku, gobe zai buga. Amma dole likita ya duba shi, ya sa hannu, mu aika sunansa kafin ƙarfe huɗu. In huɗu ta wuce, doka ta rufe ƙofa. Wayarsa a kashe take, mun sa an kira sunansa a lasifika bai fito ba. Nemo mana shi!"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ga bango ya tsage ƙadangare kuma yana shirin hawa jirgi. Na miƙe kofi na kifewa. Amma ina zan bi? Darnel ya riga ya wuce wurin bincike, kuma mai tikiti ko mai katin aiki kaɗai ke wuce nan. Nan na tuna da Anti Fati.

Anti Fati 'yar zangon Kumasi ce, tana zaune a Morris Heights. Ta daɗe tana tura keken marasa ƙarfi a wannan ɓangaren na filin jirgin, har aikin ya cinye mata gwiwoyi. Na kira ta ina addu'a. Ita Masa take ce mini, wato maigida a bakin mutanen Gana.

"Masa Isuhu, lafiya? Ina break, yanzu na zauna."

"Anti, tashi don Allah! Akwai yaro a gate ɗin jirgin New Orleans, aikin rayuwarshi na neman shi. Ƙato ne, wuyanshi ya fi kanshi faɗi."

"Ei, Masa! Nan Amerika ne, kowa ƙato ne. Ba ni wata alama."

"Bon, to, yana riƙe da kilishi a farar leda."

Ta ce in riƙe waya. Ina jin ƙarar keken da take turawa babu kowa a ciki, don da shi take dogarawa, ina jin numfashinta. Ni kuma na ja mota na nufi ƙofar fitowar fasinjoji. Can sai ta fashe da dariya.

"Na gan shi! Ga shi nan a lungu yana cin kilishi yana hawaye. Wai barkono ne."

Kilishin nan ni na saye shi, na san ba shi da yajin da zai sa ƙato kuka. Ta miƙa masa wayarta, na zayyana masa saƙon Mista Kevin ina tsammanin in ji ihu. Ashe ya ji kiran lasifikar sarai, ƙin tashi ya yi.

Ya ce, "Na san wasan nan. Za su yi amfani da ni gobe, ran Talata su sake kirana ofis. Na riga na gaya wa mahaifiyata ina hanya. Na gaji, Isuhu. Ga shi ma an fara shiga jirgi."

Wallahi ban da wata hikima a kaina a lokacin, kuma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Yana yiwuwa su sake ka ran Talata. In sun yi, ni zan kawo ka, da wani kilishin. Amma gobe mahaifiyarka za ta kunna talabijin ta ga sunan gidanku a bayan riga, wannan kuwa babu ofishin da zai karɓe shi. Kuma ka ji tawa buƙatar. Tun da na fara aikin nan hanya ɗaya nake kai mutane, ban taɓa komowa da ko ɗaya ba. Ka taimake ni motar nan ta juya yau."

Sai na jiyo Anti Fati ta juya harshe zuwa Turancinta na Kumasi, irin muryar da uwaye ke tayar da mai makara makaranta. Ta ce masa ita ta bar abincinta yana hucewa, ta tako da gwiwoyin da likita ya ce ta huta da su, don haka ya tashi ko ta ɗora shi a keke ta tura shi waje da ƙarfi. Ya ce in aka ɗauki hotonsa a keken marasa lafiya, babu ƙungiyar da za ta sake kallonsa. Ta ce to ya taka da ƙafarsa. Sai na ji ya ja dogon numfashi ya ce, "Ina hanyar fita?"

Ga matsala: hanyar tana da nisa da kwane-kwane, Anti Fati ce ta san ta, kuma ba ta iya gudu. Abin da ya biyo baya da idona na ga ƙarshensa. Ina tsaye a bakin mota, ɗan sanda yana ta hura mini usur in matsa, sai ƙofar gilashi ta buɗe. Ga Anti Fati zaune daram a cikin keke, ɗankwali ya karkace, hannu ɗaya ya riƙe jakarta ɗayan yana nuna hanya, tana ihu, "Left! Left, me ba, ɗana! A ba mu hanya!" Ga Darnel a bayanta yana turawa a guje, yana kauce wa akwatuna da mutane kamar a fili yake, ledar kilishi a haƙoransa. Matar da ta ƙare ƙarfinta tana tura mutane, ran nan lainbaka ne direbanta. Ɗan sandan ma sai da ya sauke usur ya yi dariya.

Darnel ya sumbace ta a goshi ya faɗa mota, a kujerar gaba. Akwatinsa da wayarsa kuwa sun tafi Louisiana abinsu. Muka hau babbar hanya, muka tsallake gada zuwa Staten Island, sai muka tarar da cunkoso. Na sauka na bi ta cikin unguwa wajen Port Richmond, inda nake haya, muka ɓulla kusa da gadar New Jersey. A hanya ya ari wayata ya kira mahaifiyarsa. Ihun da ta yi sai da na ji shi har a kunnena na hagu da ke wajen taga. Ya kashe ya dube ni a firgice ya ce ba shi da ko takalmin wasa. Na nuna masa kujerar baya da yatsa. Ya juya ya gan su inda ya bar su, ya ɗauko ya rungume, ni kuma na kafa idona a kan titi don kada in kunyata shi.

Mun isa huɗu ba ta cika ba. Mista Kevin yana tsaye a waje da likita a gefensa. 'Yan wasan da ke fitowa suka ga motar gawa ta tsaya, kamar kullum suka fara kawar da kai. Sai ƙofa ta buɗe Darnel ya fito da takalma a wuya. Kai, zo ka ga tsalle! Ƙartin nan suka yi kansa suna ihu, wasu suka zo suna bubbuga rufin motata har na ji tsoron kada ya lotsa. Wani mai faɗin ƙofa, wanda bai taɓa amsa gaisuwata ba, ya ɗaga ni sama ƙafafuna suna lilo.

Washegari na ƙi karɓar aiki. Na tafi Morris Heights, Anti Fati ta dafa wake da shinkafa, falonta ya cika da maƙwabta, yawancinmu ba mu san dokar wasan ba. Da aka buga ƙwallon farko, wani ya kama ta ya taho a guje, sai ga wani ya keto ta tsakiya ya ɗauke shi ya maka da ƙasa. Aka nuno bayan rigar, ga sunan gidansu Darnel ɓaro-ɓaro. Anti Fati ta miƙe da gwiwoyin nan nata tana rangaɗa guɗa, tana cewa, "Direbana ne! Direbana ne!" Ni kuwa na ji wani daɗi da ban taɓa ji a aikin nan ba, har na share ido, kuma babu barkono a kusa.

Kada ku ce daga nan ya zama tauraro. Bayan 'yan makonni wanda ya ji rauni ya warke, aka kira Darnel ofis, na zo na ɗauke shi kamar yadda na yi alkawari. Amma wannan karon a gaba ya zauna, wayarsa a kunne a kan cinyarsa, takalmansa a jakar hannu. Hoton wasannin da ya buga ya sa wata ƙungiya ta neme shi, ya yi shekaru yana bugawa kafin ya ajiye da kansa.

Abin da na koya shi ne, mutanen nan da kuke gani a talabijin kamar duwatsu, 'yan ƙwadago ne irinmu, kowa yana jiran a kira lambarsa. Mu kuma ba kaya muke saukewa ba. Da na bi ƙa'idar ajiye ka juya, da lokacin da Mista Kevin ya kira ina can tsakiyar gada, kafin in komo kuma Darnel yana sama. Shi ya sa har yau, in na sauke wanda ya shigo motata da karyayyar zuciya, nakan zo nan in zuba shayi in zauna, wayata a kunne, sai na tabbata jirginsa ya tashi.