Layin Garmar Virgil Stroud

A duk kudancin jihar Jojiya babu mai jan garma a miƙe kamar Virgil Stroud, kuma in ka cire wannan, babu wani abin kirki da ya iya. Gonarsa a jikin tudu take, gadon ubansa, baƙar ƙasa mai zurfin taƙi guda a kan jar laka. Sai ya kafa ido a kan itacen da ke gindin tudun, ya koro alfadarinsa daga sama har ƙasa, layi ya fito sambal. Ran Lahadi bayan coci yakan tsaya bakin hanya, hannu a aljihu, yana jiran masu wucewa su yaba. Ruwan sama ma ya ji daɗin aikin, don an share masa hanya. Duk saukar da zai yi sai ya bi layin a guje, ya tafi da rabonsa na ƙasa.

Burinsa ɗaya a duniya: ya miƙa gonar ga ɗansa Dewey kamar yadda aka miƙa masa.

A 1936 wani malamin gona ya zo, ya ce a daina noma daga sama zuwa ƙasa, a riƙa gitta tudun. Ya ce kafin dutse ya ruɓe ya ba da ƙasa mai kaurin yatsa, sai an yi ɗaruruwan shekaru.

"Kai samari, ka taɓa riƙe garma kuwa?" in ji Virgil. "In yi layi kamar sawun maciji, a ce na sha na bugu? Ubana bai yi ba, ni ma ba zan fara ba."

Maƙwabta suka bi shawarar, shi ko ya yi ta yi musu dariya. Matarsa Lurleen ta ce, "Virgil, audugar bana fa ko gwiwata ba ta kai ba." Ya ce irin ne ba shi da kyau. Da kwazazzabo ya buɗe baki a tsakiyar gonar, sai gogan ya jefa masa tsohon murhu, da gadon ƙarfe, da mushen mota. Kwazazzabon ya haɗiye su duka, ya ƙara faɗi.

Bayan shekaru, Dewey ya dawo daga yaƙin duniya da niyyar noma. Washegari da safe ya ɗauki shebur, uban na biye da shi yana hura hanci. Ya haƙa nan, ya haƙa can. Jar laka ce zalla, tauri kamar bulo.

"Baba, ina gonar?"

"Makancewa ka yi a yaƙin? Ga ta kana taka ta. Dubi layukan nan!"

Dewey bai dubi layukan ba. Kwarin da ke ƙasa ya duba, inda masarar Odessa Pruitt, wadda mijinta ya rasu, ta fi tsayin mutum, koriya shar a kan baƙar ƙasa. Shekara talatin ruwa yana kai mata ita kyauta.

Virgil ya gane abin da ɗan yake kallo. Amma bakinsa bai mutu ba. "Wannan matar ko layi ɗaya ba ta iya ja ba," ya ce.

"Na ji tana neman mai yi mata noma," in ji Dewey. Ya saɓa sheburinsa. "Ƙasar kakana na dawo in noma, Baba. Tunda can ka aika da ita, can zan bi ta."