Tsohuwar da Ba Ta Daina Hawa Dutse Ba

A bayan kasuwar ƙauyen akwai wani dutse, wanda a da a kansa kaɗai ake samun sabis. Bara aka kafa ƙarfen intanet. Yanzu ko a banɗaki mutum na iya kallon bidiyo, don haka aka bar wa awaki dutsen, su da wata tsohuwa.

Gajera ce, takalmanta ba iri ɗaya ba ne, wayarta na cikin leda a ƙulle a haɓar zani. Kullum da hantsi sai ta hau tana haki, ta kwance ledar, ta ɗaga wayar sama da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Haka take tsayawa har hannayen su fara rawa.

Wani tela da ke gindin dutsen ya ce ɗanta ne ya tafi neman aiki, yau shekara huɗu. A kan dutsen saƙon muryarsa na ƙarshe ya shigo.

"Inna, ki sauko mana," in ji telan. "Yanzu har kan gadonki sabis yake zuwa."

Ko waiwayowa ba ta yi.

"Ni na sani, ɗan nan. Shi ne bai sani ba. A nan ya saba samuna."