Husaini Mai Tur da Injin Tunkuzar Yayarsa

Ni da Husaini tare muka tashi a unguwar New Bell ta birnin Douala, a zamanin da kukan jirgin ƙasa na safe shi ne agogon unguwa. Ni mahaifina ya kai ni makarantar Fada, ta 'yan mishan, inda aka koya mini Faransanci da jan layi da rula, na ƙare a matsayin akawun tashar jiragen ruwa. Shi kuwa aka kai shi wurin makanikai, ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki da tur, wato injin da ke sassaƙa ƙarfe yana juyawa. Da ya yi ritaya sai ya sayi wani tsohon tur, ya kafa rumfar kwano a kan hanyar Kassalafam. A nan nake zama yawancin safiya, a kan benci na hagun ƙofa, inda tartsatsin walda ba ya kaiwa.

Husaini ba mai yawan magana ba ne. Idan ka kawo masa abin da ya karye, sai ya juya shi a hannu, ya auna, ya ce ka dawo jibi. Abin da ya gyara ba ya sake karyewa a wurin da ya gyara. A ganinsa kyawun abu shi ne ƙarfinsa, kuma duk abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka bai gama ƙeruwa ba.

Yana da yaya mace, Hawwa, wadda ta girme shi da shekara shida. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma masu tsire daga New Bell har Deïdo wurinta suke sayen ƙulin da suke daka yaji da shi. Aikin yana da wuya a wuri ɗaya. Bayan an kai gyaɗa an niƙo, sai a zuba ƙullun a turmi, ana juyawa da taɓarya, ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har mai ya fito ya bar tunkuza. Shekara arba'in da wani abu tana wannan juyi, har kafaɗunta da ƙugunta suka gaza. Likita ya ce ta bar turmi. Ita kuwa ta ce ranar da ta bar ƙuli sai dai a zaunar da ita a ɗaki ana miƙo mata abinci kamar mara lafiya, kuma ba ta shirya wa wannan zaman ba.

Sai Husaini ya ce zai ƙera mata injin da zai yi juyin. Wata biyu ya yi a kai, ina kallo. Tukunyar injin ta ƙarfen inoks ce, wanda ba ya tsatsa, saboda danshin Douala ba ya barin baƙin ƙarfe ya kwana lafiya. A cikinta ya sa fikafikai uku masu juya ƙullu. Ya ɗora ta a kan ƙafafu huɗu, tsayin santimita casa'in, ya sa mariƙin juyawa a dama. Sai da maza uku suka ɗora injin a kan pus-pus, wato amalanken turawa, aka kai gidan da Hawwa take. Gidan haya ne mai ɗakuna tara, cike da matan aure, don haka Husaini a zaure ya tsaya, kamar yadda yake yi kullum. Hawwa ta fito ta sa masa albarka. Duk sanda ya tambaye ta daga baya, amsarta ɗaya ce.

"Inji sai godiya. Allah ya yi maka albarka."

Haka aka yi wata biyar.

Hawwa tana da 'ya, Raliya, wadda ta karanta zanen kayan masana'anta, tana aiki da wani kamfanin kayan girki a Bonabéri. Aikinta shi ne ta zana abu kafin a ƙera shi: tsayinsa, inda za a riƙe, yadda za a wanke. Wata Asabar da hantsi ta sauka daga kan bensikin, wato babur ɗin haya, a ƙofar rumfa, ta durƙusa ta gaishe mu, ta ƙi zama a benci.

"Kawu, zan faɗi wata magana, amma kada Inna ta ji daga bakina ta fito."

"Faɗi."

"Injin nan sau biyu aka yi aiki da shi. Yanzu tukwane ake kifewa a kai. Inna ta koma turmi, jiya ko ɗaura ɗankwali ba ta iya yi ba, sai da na ɗaura mata."

Husaini ya kashe tur. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Me ya karye?"

"Babu abin da ya karye, Kawu. Wannan injin ko tirela ta bi ta kansa, tirelar za a kai gareji."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Raliya ta yi masa bayani a hankali. Na farko, Hawwa a zaune take aiki, a kan kujera 'yar tsugunne, injin kuwa sai a tsaye, kuma ƙugunta ba ya ɗaukar tsayuwa. Na biyu shi ne babba. Mai yin tunkuza ba da ido take gane lokacin ƙara ruwa ba, da yatsu take ganewa. Tana juyi tana ɗan tsinkar ƙullun tana murzawa. Tunda mariƙi yana dama, hannun da ya rage mata shi ne na hagu.

"Kawu, kana ganin Inna za ta sa hagu a abincin da Musulmi za su ci? A gaban matan gida? Ta gwada tsayar da juyi ta taɓa da dama, kafin ta koma ƙullun ya huce, mai ya ƙi fita. Rannan kwano shida na gyaɗa ta yi asara, ta ce kada a gaya maka."

"Kowane inji a duniya mariƙinsa a dama yake," in ji Husaini.

"To, wannan ba na duniya ba ne, na Inna ne."

Bayan ta tafi bai ƙara kunna tur ba ranar. Abin da ya fi ci masa rai, kamar yadda ya gaya mini, shi ne a kan wannan tunkuza aka yaye shi, shi kansa ba ya karɓar ko goro da hagu, amma da ya tsaya gaban ƙarfe sai ya manta da haka gaba ɗaya. Na ce masa ai bai taɓa ganin aikin ba tun yana ɗan shekara goma sha biyu, lokacin da aka daina barinsa shiga cikin mata. Abin da ya sani game da tunkuza ƙamshinta ne daga zaure.

Asabar ta gaba Raliya ta dawo da takardar zane da wani abu da ta harhaɗa da kwali da salatif. Siffar sabon injin ce, daidai girmansa. Ta riga ta kai wa mahaifiyarta, da sunan aikin kamfani ne take gwadawa, ta zaunar da ita a gabansa, ta auna. Na rubuta awon a littafina saboda ta burge ni: kujera santimita goma sha takwas daga ƙasa, bakin tukunya kada ya wuce arba'in da biyar, mariƙi a hagu daidai gwiwa.

Husaini ya zagaya kwalin sau biyu.

"Wannan da shi za a matse mai, ko kaji za a sa a ciki?"

"Da shi za a gane inda mutum zai zauna, Kawu. Ƙarfen naka ne."

Ya ɗauki zanen ya kai kusa da ido. A nan ya sami abin da yake nema. Raliya tana so mace ɗaya ta iya ɗaga injin ta shigar ɗaki idan ruwan sama ya sauko, don haka ta rage kaurin komai. Sandar tsakiya, wadda fikafikai ke jikinta, ta ba ta kaurin milimita goma sha biyu.

"Wannan za ta murɗe."

"Na lissafa, Kawu."

"Da wane ƙullu kika lissafa? Na farkon juyi ko na lokacin da ya kama jikinsa?"

Ba ta ja da baya ba, shi ma haka. Sai ya sassaƙa sandar daidai yadda ta zana, ko rabin milimita bai ƙara ba. Suka cika wata tsohuwar tukunya da yumɓu mai kauri a madadin ƙullu, ya ce ta juya da kanta. A juyi na tara sandar ta lanƙwashe. Raliya ta dube ta, ta ciro fensir daga jaka, ta miƙa masa.

"Nawa zan sa?"

"Ashirin. Amma zan rarake cikinta, nauyin ya ragu."

Daga ranar ne suka fara aiki tare da gaske, duk Asabar, har wata uku. Na lura da yadda kowannensu yake fara tunani. Ita kullum daga jikin Hawwa take farawa, inda gwiwa take, inda mayafi yake faɗowa. Shi kuwa daga abin da ƙarfe zai iya ɗauka. Sau da yawa abin da ɗaya ya warware shi ke ɗaure wa ɗayan. Da aka mai da mariƙi hagu, sai ga shi hagun tsohuwa ba shi da ƙarfin juya ƙullu. Husaini ya kawo sarƙar keke da faifai biyu masu haƙora, ƙarami mai goma sha takwas a wurin mariƙi, babba mai talatin da shida a kan sanda, yadda za a juya sau biyu fikafikai su zaga sau ɗaya, nauyin ya ragu da rabi. Raliya ta ga sarƙa a fili ta ce sam.

"Bakin mayafi zai shiga nan, Kawu. Ga giris kusa da abinci."

"Idan kin rufe ta, danshi ya kwanta a ciki, wata uku ta yi tsatsa. Wa zai kwance murfi ya sa mata mai? Uwarki tana da sifana?"

Mako biyu suna wannan gardama. A ƙarshe suka yi murfi mai buɗewa kamar ƙofar taga, da sakata wadda yatsa ɗaya ke turawa, da ramuka a ƙasa don iska. Ita ta zana siffarsa, shi ya ce a karkata ramukan don kada ruwan wanki ya shiga. Akwai kuma abin da ba su taɓa daidaitawa a kai ba. Ta so a yi wa ƙafafun fenti kore, ya ce shi ba mai yin kayan ɗakin amarya ba ne. Aka bar su da jan fentin hana tsatsa, kuma har yau tana cewa sun yi muni.

A makarantar Fada an koya mana cewa mai zane shi ne kai, maƙeri kuma hannu ne kawai mai bin umarni. Shekaru na yarda da wannan, don ni ma ɗan takarda ne. A rumfar Husaini na ga takarda ta koma wurin mai zane sau bakwai, kowane karo da baƙin shatin yatsun maƙeri a kai, na kuma ga maƙeri ya yanke abin da ya riga ya yi wa walda saboda an ce masa gwiwar tsohuwa tana bugunsa.

Ranar da aka gama, Raliya da kanta ta ɗaga injin ta ɗora a pus-pus. Husaini ya ce shi ba zai je ba, ya gaji da albarkar zaure. Kwana huɗu babu labari. Ran na biyar, wato Laraba, da misalin ƙarfe goma na safe, Raliya ta kira shi a waya ta ce Inna na nemansa, kuma ya taho da ni. Muka tsaya a zaure kamar kullum. Sai muka ji muryar Hawwa daga ciki tana cewa matan gida kowa ta yafa mayafi, ƙanenta zai shigo, da Malam Jibirilla, wato ni.

Husaini ya cire takalmi, ko da yake tsakar gidan siminti ne jiƙe da ruwa. Hawwa tana zaune a kan 'yar kujerarta, injin a gabanta. Hagunta na juya mariƙi a hankali, damanta na yayyafa ruwan zafi daga moɗa, ta tsinki ƙullu ta murza, ta ƙara ruwa kaɗan. Ba ta daina juyi ba ko da ta amsa gaisuwarmu. Can sai ƙullun ya fara ƙyalli, mai ya taru a gefe, ya bi ta bututu yana zuba a kwano.

"Ka gani, Usaini? Haka ake yi. Da ka tambaye ni tun farko."

"Na tambaye ki, Yaya. Kika ce sai godiya."

"To me kake so in ce? Wata biyu kana wahala."

Matan gida suka yi dariya a bayan mayafansu. Husaini ya tsuguna kusa da injin, ya karkata kai yana saurare. Ni ban ji komai ba, amma shi ya ce akwai fiffike ɗaya da ke ɗan gogar gindin tukunya a kowane zagaye, bai kai milimita ɗaya ba.

"Bari in mayar da shi rumfa, Yaya. Jibi a dawo miki da shi."

Hawwa ta ɗora ƙafarta a kan ƙafar injin.

"Babu inda za shi. Masu tsire uku ke jirana kafin la'asar, gobe kuma Latifa ta ɗaki na huɗu ta riga ta roƙi aro. In gyara za ka yi, ka kawo kayan aikinka nan ran Juma'a da safe, ranar ba na juyi."

Ran Juma'a da safe na raka shi, ina riƙe da akwatin sifanu. Ya yi sallama a zaure, muka jira mata suka yafa mayafi.